Kada ku raba kayan sojan Kaka da takardunsa

A gidaje da yawa na Arewa akwai tsohuwar adaka mai ɗauke da kayan wanda ya je yaƙin Burma: gorar ruwa, ɗamara, jakar goyo, lambar yabo. Dakarun Afirka ta Yamma na Runduna ta 81 da ta 82 sun yi yaƙi a Kaladan da Arakan tsakanin 1944 da 1945, kuma Hausawa na da yawa a cikinsu.

Kuskuren da ke ci mini rai shi ne a sayar wa dillali lambar, a bar takardar sallama gara ta cinye. Tauraron Burma, wato lambar da Ingila ta raba, galibi ba a rubuta suna a jikinsa ba. Takardar nan mai suna da lambar soja ce shaidar mai shi. In ta ɓata, tagulla kawai ta rage.

Don haka ku haɗa su wuri guda, nesa da danshi, ku ɗauki hotonsu da waya. Ku zauna da Goggo ko Baffa tun suna da rai, ku rubuta abin da suka ji daga bakin Kaka. Kada ku goge ƙarfen da toka ko yashi, don rubutun da ya saura zai tafi.

Mai saye kuma ya nemi takarda kafin ya yarda da labarin dillali.

In kun tarar da harsashi ko gurneti a adakar, kada ku taɓa. Ku fitar da yara, ku kira 'yan sanda.