Darasi na 18: Masu tsaron layin lantarki

Tun shekara ta 1976, wani babban layin lantarki ya haɗa Birnin Kebbi da Yamai. Ƙarfinsa bolt 132.000 ne, tsawonsa kuma ya fi kilomita 200. A 1994 aka jawo wani daga Katsina zuwa Gazawa, inda ya rabu biyu: reshe guda ya nufi Maraɗi, guda Damagaram. Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, shi ke kula da layukan nan cikin ƙasar Nijar.

Layi mai tsawo haka ba ya rabuwa da haɗari. Da damina, aradu takan faɗa masa. Iska takan kayar da icce bisa waya, ko ta sa wayoyi biyu su taɓa juna. Nan take sai wuta mai yawan gaske ta kwarara wurin. In ba a tsai da ita ba, waya ta narke, tiransifo ya ƙone, gobara ta tashi.

Hannun mutum ba ya da saurin tare wannan ɓarna. Don haka aka sa na'urori biyu a kowace tashar lantarki. Ta farko sunanta rele. Dare da rana tana auna wutar da ke wucewa cikin layi. Da zarar ta wuce iyaka, sai rele ya aika da umarni. Ta biyu sunanta dizonkitar, wato babban makunni mai katse layi. Shi ke karɓar umarnin, ya yanke wuta cikin abin da bai kai sakan guda ba. Rele shi ne ido, dizonkitar shi ne hannu.

Amma ba duka suke yankewa lokaci guda ba. An tsara su ne bi da bi. Wanda ya fi kusa da wurin ɓarna shi ke fara aiki. Na bayansa yakan ɗan dakata. In na farko ya kasa, sa'an nan shi ya yanke. Saboda haka, in icce ya faɗa bisa wayar wata unguwa, unguwar kaɗai ke shiga duhu. Asibiti da famfon gari suna ci gaba da samun wuta.

Sau da yawa ɓarnar ba ta daɗewa: reshe ya taɓa waya ya faɗi ƙasa. Shi ya sa a wasu layuka dizonkitar yakan sake haɗa wuta da kansa bayan ɗan lokaci. A nan babban haɗari yake. Wayar da ke kwance a ƙasa tana iya samun wuta a kowane lokaci, ko da unguwa na cikin duhu.

A gida ma akwai masu tsaro: ƙaramin dizonkitar kusa da kwantar, da kuma fizibil. Cikin fizibil akwai siririyar waya wadda ke narkewa in wuta ta yi yawa. Wanda ya maye gurbinta da waya mai kauri ya kori mai gadin gidansa.

Abin riƙewa

Ba a taɓa wayar da ta faɗi, ba a kusantarta. A kore ƙanne da dabbobi, a gaya wa manya su sanar da NIGELEC.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin rele? Mene ne aikin dizonkitar?
2. Don me na kusa da ɓarna ke fara yankewa?
3. Don me ba a taɓa wayar da ta faɗi, ko an ɗauke wuta?

Aiki

Ku zana layin da ya taso daga Katsina, ku nuna Gazawa, Maraɗi da Damagaram.