Ɗaukar Hoton Jirage a Filin Jirgin Kano

Idan kana son ɗaukar hoton jirage a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, fara neman izinin hukumar filin. Sojojin sama na da sansani a wurin, kada ka kuskura ka juya kyamara ɓangarensu.

Lokacin jigilar alhazai ya fi armashi, manyan jirage na ta sauka da tashi. Duba manhajar Flightradar24 ka san lokacinsu. Ka ba rana baya, da sassafe ko bayan la'asar. Da tsakar rana tururin kwalta kan sa hoto rawa, hazon hunturu kuwa yakan dusashe shi. Jirgi mai farfela shi na fi so: rage saurin ɗauka zuwa 1/250, sai farfelar ta fito tana juyawa. Don gane ƙasar jirgin da ka ɗauka, lambar jirgi mai farawa da 5N ta Najeriya ce, 5U ta Nijar.