Allunan Kamfe a Ƙofar Gida: Doka da Ladabi a Ƙasar Amurka

Allon kamfe na ƙofar gida ɗan faifan roba ne marar nauyi, galibi inci 24 a faɗi da inci 18 a tsaye, wanda ake soka wa ƙafafun waya biyu a kafa shi cikin ciyawar gaban gida. A ƙasar Amurka, da zarar watan Satumba na shekarar zaɓe ya kama, sai a ga unguwanni sun tsiro da su kamar gero bayan ruwan shuka, kuma haka za su yi ta ƙaruwa har ranar zaɓe, wato Talatar da ke bin Litinin ta farko a watan Nuwamba. Kowane ɗan takara da nasa, tun daga mai neman shugabancin ƙasa har mai neman kujera a hukumar makarantun gunduma. Yawancin gidajen unguwannin bayan gari ba su da katanga ko danga ta gaba. Daga bakin titi zuwa ƙofar ɗaki fili ne a buɗe, kuma daga wannan buɗewar ce amfanin allon da fitinarsa suka samo asali.

Amfanin nasa a akwatin zaɓe bai taka kara ya karya ba. Wani bincike da Farfesa Donald Green na Jami'ar Columbia da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 ya nuna cewa allunan na ƙara wa ɗan takara abin da bai kai kashi 2 cikin ɗari na ƙuri'u ba. Amma mai gida ba lissafin ƙuri'a yake yi ba sa'ad da yake kafa shi. Bayyana matsayinsa yake yi da sunansa da gidansa, a gaban mutanen da suka san shi.

Tushen wannan 'yanci shi ne Gyara na Farko ga tsarin mulkin ƙasar, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana hukuma tauye faɗar albarkacin baki. Shari'ar da ta tabbatar da shi game da allon gida ta taso ne daga garin Ladue na jihar Misuri. A watan Disamba na 1990 wata mata mai suna Margaret Gilleo ta kafa allo a gaban gidanta tana adawa da yaƙin Tekun Fasha da ake shirin yi. Allon farko ya yi ɓatan dabo, na biyu aka ture shi. Da ta kai kuka ga 'yan sanda, sai suka shaida mata cewa ai dokar garin ma ta hana irin wannan allo. Magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, inda a 1994 alƙalai tara duka suka ba ta gaskiya. Mai Shari'a John Paul Stevens, wanda ya rubuta hukuncin, ya kafa hujja da cewa allon gida hanya ce mai arha da mai ƙaramin ƙarfi ke iya isar da ra'ayinsa, kuma saƙon da ya fito daga gidan mutum yana da nauyin da ba a samunsa a wani wuri. A 2015 kotun ta ƙara ɗaure maganar a shari'ar wani fasto, Clyde Reed, da garin Gilbert na jihar Arizona, garin da ya ware wa allon siyasa girma dabam, allon nuna hanyar coci girma dabam. Kotu ta ce hukuma ba ta da ikon bambanta alluna bisa abin da aka rubuta a kansu sai da dalili mai tsananin ƙarfi. Abin da ya rage wa ƙananan hukumomi shi ne ƙa'idar girma da tsawo da nisa daga titi, muddin ta hau kan kowa daidai.

Sai dai ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Gyara na Farko hukuma ya ɗaure wa hannu, bai ɗaure wa mai gidan haya ko ƙungiyar masu gidajen unguwa ba. Wanda ya sayi gida a rukunin da ke da irin wannan ƙungiya ya riga ya sa hannu a kan sharuɗɗanta, kuma tana iya hana allo ko ta ci shi tara, sai fa inda dokar jiha ta taka mata burki. Jihar Texas ta hana ƙungiyoyin haramta allon siyasa daga kwana 90 kafin zaɓe zuwa kwana 10 bayansa. Kaliforniya ta ba ɗan haya damar manna allon da bai wuce murabba'in ƙafa 6 ba a tagarsa ko ƙofarsa. Inda babu irin wannan doka, takardar haya ce alƙali.

Ɗaya daga cikin matsalolin da ke hana 'yan sanda da shugabannin gari barci a kowace kakar zaɓe ita ce satar alluna da lalata su, da kuma ramuwar da ke biyo baya. Mutum ne da hankalinsa, da aikinsa, da iyalinsa, wanda ba zai taɓa ɗaukar ko allura a kanti bai biya ba, amma sai dare ya yi ya tsayar da mota, ya taka cikin farfajiyar wani, ya tuge allo ya jefa a but, ya tafi yana jin ya yi wa jam'iyyarsa aiki. Wannan sata ce, ba ta da wani suna. Arhar abu ba ta halatta ɗaukarsa, ƙin abin da aka rubuta a kai ma haka. A idon doka laifi ɗaya ne ke haifar da uku: shiga filin wani ba izini, ɗaukar dukiyarsa, in kuma an yaga ko an fesa fenti, ga ɓarna. Hukuncin ya bambanta daga jiha zuwa jiha, amma bai rasa tara, wani lokaci har da ɗan zaman kaso, ga kuma suna da zai shiga kundin masu laifi ya riƙa bin mutum duk inda ya nemi aiki. Baƙon da bai riga ya zama ɗan ƙasa ba ya fi kowa kasada, domin hukuncin sata na iya zame masa ƙarfen ƙafa ranar da hukumar shige da fice ta zo duba halinsa.

Misalin allon nan kamar gambar da manoma ke bari a kan iyakar gona ne. Gamba ciyawa ce, ba ta da wani kuɗi, akuya ma na iya cinye ta da safe. Amma duk manomin kirki ya san cewa wanda ya tuge ta ba ciyawa ya tuge ba, iyaka ya taɓa, kuma rigimar da za ta biyo baya sai ta kai gaban mai unguwa, ta wuce gaban dagaci, wataƙila 'ya'ya su gaje ta bayan an binne iyaye. Maƙwabtan da suka shekara ashirin suna aron galma da iri sai su daina ko sallama saboda dami ɗaya na ciyawa. Haka allon roba yake. Kuɗinsa bai wuce na abincin rana ba, amma wanda ya wayi gari ya ga ramuka biyu a inda ya kafa shi, abin da zai fara zuwa ransa shi ne wani ya shigo masa gida cikin dare yana barci da iyalinsa, kuma mai yiwuwa wanda suke gaisawa kullum ne. Daga ranar ya daina kallon maƙwabtansa da idon da.

Addini bai bar wa kowa mafaka a nan ba. Haƙƙin maƙwabci yana nan daram ko da an saɓa a addini, balle a jam'iyya, kuma dukiyar mutum ba ta halatta sai da yardarsa. Abin takaici shi ne iyayen da ke dariya idan samarinsu suka dawo da tarin allunan abokan hamayya. Uban da ya yi wa ɗansa tafi a kan wannan ya koya masa tsallaka iyakar mutane cikin dare, a ƙasar da gidaje masu yawa ke da bindiga, kuma mai gidan da ya ji motsi a duhu ba shi da hanyar sanin allo aka zo ɗauka ko rai. Wannan sakaci ne da ba shi da uzuri. Ga shi kuma zamanin ɓuya ya wuce: ƙofofi da dama na ɗauke da kyamara, wasu masu gida na maƙala wa allo 'yar na'urar bin sawu, kafin gari ya waye hoton ɓarawo ya zagaye Facebook.

Wanda aka yi wa sata shi ma yana da iyakarsa, kuma a nan ne mutanen kirki suka fi zamewa. Haushi kan sa wasu su shafa wa allo abin da zai ƙona hannu, ko su liƙa masa reza, ko su ja masa wayar lantarki. A watan Oktoba na 2020, a garin Commerce na jihar Mishigan, wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ya je cire allon da aka kafa kusa da titi fiye da yadda doka ta yarda, sai rezar da aka jera a gefensa ta tsarge masa yatsu, har sai da aka yi masa ɗinki 13. Ba ɓarawo ba ne, aikinsa yake yi. Gobe kuma yaro ne zai bi ƙwallonsa, ko mai yankan ciyawa, ko makaho da sandarsa, domin tarko ba ya tambayar suna. Dokar ƙasar ta daɗe da yanke wannan magana. A 1971 Kotun Ƙolin jihar Iowa ta tabbatar da diyyar dala 30,000 a kan wasu ma'aurata da suka ɗana bindiga a tsohon gidan gonarsu ta harbi wanda ya shiga sata, bisa hujjar cewa lafiyar ɗan Adam ta fi kaya daraja, ko da shi ne mai laifi. In an hukunta mai gida saboda ɓarawo na gaske, ina ga wanda tarkonsa ya kama marar laifi? Shi ya sa aka ce ramin mugunta a gina shi gajere. Hanyar da doka ta buɗe ita ce a ɗauki hoto, a kai rahoto ga 'yan sanda, a karɓo wani allon a ofishin kamfe, in sata ta yi yawa a mayar da shi cikin taga.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuyar riƙewa. Zirin ciyawar da ke tsakanin titi da hanyar masu ƙafa galibi yana ƙarƙashin ikon hukuma ko da mai gida ne ke yanke shi, kuma ma'aikata na iya kwashe duk allon da ke wurin. Manna takarda a turken lantarki da sauran kayan gwamnati abu ne da gari ke da ikon hanawa, kamar yadda Kotun Ƙoli ta amince wa birnin Los Angeles a 1984. Kada allo ya tare wa direba gani a kwana. Kusa da rumfar zaɓe akwai tazarar da ba a kamfe a cikinta, ƙafa 100 ce a jihar Tennessee, kuma kotu ta tabbatar da ita a 1992. Masallaci ko cocin da aka yafe wa haraji bai kamata ya kafa allon ɗan takara a harabarsa ba, saboda dokar 1954 da ta hana irin waɗannan cibiyoyi shiga kamfe. Sayen allo daga hannun kwamitin ɗan takara gudummawa ce a lissafin doka, don haka baƙon da ba shi da katin zama na dindindin ya kiyaye.

Akwai kuma abin da doka ta bari amma kunya ta hana. Allon zagi da batsa sau da yawa kotu ba ta iya taɓa shi, sai dai 'yan makaranta ne ke karanta shi kowace safiya. Ba a kafa allo a filin wani, ko na ɗan'uwa ne, sai an tambaye shi, ba a kuma dasa shi daf da iyaka yadda mai wucewa zai zaci na maƙwabci ne. A gidan da miji da mata suka saɓa a ra'ayi, ko dai kowa ya kafa nasa ko a bar ciyawar ta huta. Bayan zaɓe, ko an ci ko an faɗi, ana cire allo cikin 'yan kwanaki. Wasu garuruwan sun sa wa'adi ga duk allon wucin gadi. Ƙafafun wayar ana kai su wurin masu karɓar ƙarfe, faifan kuwa ba kowace motar kwashe roba ke ɗaukar irinsa ba, don haka ake mayar wa ofishin kamfe ko a ajiye shi a gareji zuwa zaɓe na gaba.