Yadda ake sa laptop ta yi barci da kanta

A Jambutu ta Garwa, zafin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, kuma lokacin ne ruwan madatsar Lagdo ke ja baya, wuta ta riƙa wasan ɓuya. Duk da haka sai ka ga ɗalibi ko mai shagon buga takardu ya tafi sallah ya bar laptop a buɗe, fanka na kuka, batir na tsiyaya a banza.

Gyaran ba wuya. A Windows 10, danna maɓallin Windows tare da harafin I. Kwamfutocinmu galibi da Faransanci suke, don haka shiga Système, daga nan Alimentation et mise en veille. Za ka ga saiti biyu, na kashe allo da na barci, kowanne da lokacin batir da lokacin caji. A kan batir, shawarata allo ya mutu bayan minti 3, barci ya zo bayan minti 10. A kan caji, minti 30 ya isa.

In lokacin ya cika ba a taɓa komai ba, na'urar za ta dakatar da aiki, ta bar 'yar wuta kaɗan tana riƙe da abin da ke cikin RAM. Shi ya sa da ka taɓa maɓalli take farkawa a inda ka tsaya. Wannan tsari, ACPI, kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba ne suka fito da shi a 1996.

Sai dai barcin bai da nauyi. Yana ci gaba da lasar batir, kuma batirin laptop 'yar gwanjo ba abin yarda ba ne; in ya mutu kwatsam, aikin da ba ka adana ba ya tafi. Wasu sababbin kwamfutoci ma sukan farka a cikin jaka su ɗauki zafi. Idan za ka hau babur da rana tsaka, ko wuta ta daɗe ba ta dawo ba, zaɓi Veille prolongée, wadda ke kwafe komai a faifai ta kashe na'urar ɗungurungum. In ba ka gan ta ba, kunna ta a Options d'alimentation.

Mai sauke babban fayil kuwa ya ƙara lokacin tukuna, domin barci yakan katse saukewar.