Darasi na 14: Abin da Hoton Ƙoda Yake Nunawa

A. Karatu

Wani yaro ɗan shekara 13 ya fara ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Kunya ta sa ya ɓoye har wata uku. Da mahaifinsa ya gane, sai ya kai shi asibiti. Likita ta sa aka gwada fitsarin, aka kuma yi masa hoton ciki, wato sikanin. An ba shi ruwa ya sha domin mafitsara ta cika, sannan aka goga na'ura a cikinsa. Na'urar tana aiki da sautin da kunne ba ya ji, kuma babu zafi.

Yawancin mutane suna da ƙoda biyu, ɗaya a kowane gefen ƙashin baya. Tsawon ƙodar babban mutum santimita 10 zuwa 12 ne. Ta dama ta ɗan fi ta hagu yin ƙasa, saboda hanta tana samanta. Ƙoda tana tace jini, ta fitar da datti a cikin fitsari. Daga kowace ƙoda akwai bututu guda da yake kai fitsari mafitsara.

Amma halitta ba ɗaya ba ce. Akan haifi wani da ƙoda ɗaya tak. Ƙodar wani takan zauna a mara. Wani kuma ƙodojinsa biyu sukan haɗe ta ƙasa, su yi kama da harafin U. Wannan yakan faru ga kusan mutum ɗaya cikin 500. Da yawa daga cikin waɗannan mutane sukan rayu lafiya ba tare da sun sani ba.

Akwai kuma abin da hoto yake nunawa wanda yake bukatar magani, kamar tsakuwa a ƙoda, ko kumburin ƙoda idan hanyar fitsari ta toshe.

A hoton yaron an ga abubuwa biyu. Na farko, ƙodarsa ta hagu tana da bututu biyu maimakon ɗaya. Hankalin mahaifin ya tashi, amma likita ta ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Da shi aka haife shi, kuma ba ya damunsa." Na biyu, bangon mafitsara ya yi kauri, gwajin fitsari kuma ya nuna ƙwayayen tsargiya. Wannan tsutsa tana fitowa daga dodon koɗi, ta huda fatar mai wanka a tafki ko rafi. Idan aka bar ta shekaru, takan toshe bututun fitsari, ƙoda ta lalace. An ba yaron magani, aka ce ya dawo a sake duba shi. Da ya ci gaba da ɓoyewa, da ƙodarsa ta shiga haɗari.

B. Ma'anar Kalmomi

mafitsara: jakar da fitsari yake taruwa a ciki
mara: ƙasan ciki, daga cibiya
tace: raba datti da abu mai kyau
toshe: rufe hanya
tsargiya: cutar fitsarin jini

C. Tambayoyi

1. Me ya sa aka ba yaron ruwa kafin a yi hoton?
2. Don me ƙodar dama ta fi ta hagu yin ƙasa?
3. Kawo bambancin halitta guda uku da aka ambata.
4. Wanne ne daga cikin abubuwa biyun da aka gani yake bukatar magani? Me ya sa?

D. Nahawu

Rubuta jam'in waɗannan kalmomi. Misali: hoto, hotuna.
likita, asibiti, tafki, yaro

E. Aikin Gida

Rubuta jimloli biyar ka ba abokinka shawara, idan ya gaya maka yana ganin jini a fitsarinsa. Yi amfani da karin maganar nan: "Rigakafi ya fi magani."