Allurar Gina Jiki Ba Ta Warkar Da Kafaɗa

Tambaya: Likita, ni ɗalibi ne a Wudil, shekarata 22. Ban daɗe da fara ɗaga ƙarfe ba kafaɗata ta goce, na yi wata huɗu a zaune. Yanzu damatsana sun zube, abokaina sun yi min nisa. Wani a wurin atisayenmu ya ce in yi allurar Deca ko in sha Dianabol na wata biyu kacal. Me ka gani?

Amsa: Ƙanena, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Amma don Allah kada ka yi. Damuwarka tsokar da ta zube, alhali abin da ya fi buƙatar kulawa shi ne jijiyoyin da ke riƙe da kafaɗar.

Waɗannan magunguna kwaikwayon sinadarin namiji ne, testosteron. Suna kumbura tsoka cikin makonni, amma jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi ba ta samun jini sosai, sai ta yi watanni kafin ta yi ƙwari. Ka ga sai ƙarfinka ya fi abin da kafaɗar za ta iya ɗauka. Rana ɗaya ka ƙara nauyi, ka ji ƙas, jijiya ta tsinke, sai ɗakin tiyata. Garin neman ƙiba an samo rama.

Ɓarnar ba a kafaɗa ta tsaya ba. Da jiki ya ji sinadarin na shigowa daga waje, sai ya daina yin nasa. 'Ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, wani sai bayan aure zai gane, lokacin da haihuwa ta ƙi zuwa. Wasu nono ke fito musu. Akwai hawan jini, da taruwar kitse a hanyoyin jini, da kaurin tsokar zuciya. Ƙwayoyi irin su Dianabol hanta suke ci, yin allura da sirinji ɗaya tare da wasu kuma na yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. A wani bincike da aka wallafa a 2019, an bibiyi maza 545 masu amfani da waɗannan magunguna a Denmark, aka tarar mace-mace a cikinsu ya ninka na sa'o'insu sau uku. Sannan abin da ake sayarwa a ɓoye ba ka san me ke cikin kwalbar ba; Trenbolone da wasu ke tsira wa kansu, don ƙibar da shanu aka yi shi.

To, mene ne abin yi? Fara da a duba kafaɗar. Je Babban Asibitin Wudil, in da hali a tura ka sashen gashi na Asibitin Ƙashi na Dala. Ko mai ɗori ya mayar da ita, sai likitan gashi ya gwada ya ce ta yi ƙwari.

Idan an ba ka izini, fara da igiyar roba da nauyi kaɗan, ƙasa da rabin abin da ka saba. Sau uku a mako ya isa, kana ƙarawa sannu a hankali. Tsamin jiki ba komai, amma zafi mai suka a cikin gaɓa na nufin ka ajiye ƙarfen. Ka kwantar da hankalinka: tsokar da ta taɓa ginuwa tana saurin dawowa fiye da ginin farko.

Ka ci wake, ƙwai, kifi, awara, ƙuli-ƙuli da nono. Mai nauyin kilo 70 na buƙatar kusan giram 110 na sinadarin furotin a rana, ƙwai ɗaya na da kusan giram 6. Ka yi barcin awa bakwai zuwa tara. Leƙa bakin kogi da safe ka dubi bayan masu haƙar yashi lokacin da suke cika kwalekwale da shebur: aikin kullum ne ya gina su.

In kuwa ka riga ka fara, kada ka ɓoye. Kai wa likita kwalbar, a auna jininka da hantarka, domin dainawa kan zo da kasala, ɗaukewar sha'awa da ƙuncin rai, kuma duk akwai taimakon da za a yi maka.