Amsoshin Tambayoyinku: Ƙananan Kwalejojin Karkara a Amurka

Wata mai sauraro daga Zariya tana tambaya ko ya dace ta tura ɗanta ƙaramar kwalejin karkara a Amurka.

Ya dace, muddin yaron zai jure kewar gida. Kwalejin Grinnell, wadda aka kafa a 1846, tana tsakiyar gonakin masarar jihar Iowa. Ɗalibanta wajen 1,700 ne kacal, har farfesa kan san 'yan ajinsa da sunansu. Ɗalibi kan taɓa tarihi, lissafi da adabi kafin ya tsayar da fanni.

Ita kuwa Kwalejin Berea ta jihar Kentucky, rabonta da karɓar kuɗin karatu tun 1892, amma kowane ɗalibi sai ya yi aikin aƙalla awa 10 a mako.

Sai dai ya kamata Hajiya mai tambayar ta binciki nisan masallaci, abincin halal da tsananin hunturun garin tukuna.